Zanin Ɗaga Baba

"Auta! Auta, kina ina ne?"

Auta ta ji kiran yayarta sarai, har cikin ƙashinta ta ji shi. Amma ta gyara zama a kan bokitin da ta kifa, ta sakar wa fuskoki ukun da ke cikin kwamfuta murmushi kamar ba ita ake kira ba.

A ɗakin ajiya take, tsakanin matacciyar fanka da kwalayen da ba wanda ya tuna abin da ke cikinsu. Shi kaɗai ne ɗakin da ake iya kullewa ta ciki a gidan. Don kada farfesoshin su ga tarkacen da ke bayanta, ta rataye farin zanin gado a kan ƙusoshi biyu, ya sauko ya rufe komai. Duk wanda ya gan ta zai rantse a ofis take.

"Me ya sa kike son yin digirin digirgir a kan ruwan rijiya?" in ji farfesar da ke tsakiya, wata dattijuwa mai tabarau.

Auta ta buɗe baki za ta amsa.

"Auta! Zo ki kama mini Baba! Wai ina zanin nan ya shiga ne?"



Sai a lokacin ta gane wane zani ta ɗauko. Cikin sauri ta zare shi daga igiya ba ta ko duba ba. Zanin ɗaga Baba ne! Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifinsu, da wannan zanin ake ɗauke shi daga gado zuwa keken guragu: a shimfiɗa a ƙarƙashinsa, Yaya ta kama gefe ɗaya, Auta ta kama ɗaya. Aikin mutum biyu ne. Likita ya ja kunnen Yaya cewa kada ta sake ɗaga shi ita kaɗai.

"Kina jin mu kuwa?" farfesar ta tambaya.

"Ina ji, Farfesa..."

Ta soma bayani. Tana tsakiyar magana ta ji wata ƙara daga ɗakin Baba, irin ta abu mai nauyi da ya zame, sannan siririyar muryar Yaya tana salati.

A nan ne ya kamata ta tashi. Ko yaro ya san a nan ne ya kamata ta tashi. Amma Auta ta zauna, ta ƙarasa amsarta, ta kuma amsa wata tambayar, har da 'yar dariya da suka yi mata barkwanci.

Suna yin sallama ta fizgo zanin ta fita da gudu.

Baba na zaune a ƙasa, ya jingina da gado, ko ƙwarzane bai yi ba. Yaya ce ta tare shi da jikinta. Tana durƙushe, hannu ɗaya dafe da baya, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Innalillahi! Yaya!"

"Ina kika shiga?" Yaya ta tambaya a hankali. Ko faɗa babu a muryar, abin da ya fi ƙona ran Auta ke nan.

"Ina... ina banɗaki."

"Zanin fa?"

"Iska ce ta jefa shi bayan tanki."

Yaya ta dubi zanin, ta dubi ƙanwarta da ta sha kwalliya da sanyin safiya.

"Sannu," in ji Baba.

Ita ce kalma ɗaya tilo da ciwon ya bar masa. Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa, da ita yake neman ruwa. Amma ranar ji Auta ta yi kamar ya wanke ta da mari.

Su biyu ne wurin Baba, mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Lokacin da ciwon ya same shi, Yaya ta riga ta gama digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, wata malamarta ta buɗe mata ƙofar na uku. Auta kuma ta samu gurbin digiri na biyu a nesa. Yaya ce ta yanke hukunci.

"Karɓa-karɓa za mu yi. Ki je ki gama naki, ni in zauna da Baba. In kin dawo sai in tafi."

"Na yi miki alkawari, Yaya."

Auta ta tafi. Yaya ta zauna tana ɗaga ƙaton mutum ita kaɗai safe da yamma, har bayanta ya lalace. Yanzu Auta ta dawo, layi ya zo kan Yaya. Malamar ta sake ajiye mata gurbi, kuma wannan ne karo na ƙarshe, don tallafin yana da iyakar shekaru, Yaya kuwa tana bakin iyakar.

Duk Auta ta san wannan. Da saninta ta shiga ɗakin ajiya ta kulle ƙofa.

Da yamma ta je wurin saurayinta, wanda ya jefa ta cikin wannan hali. Kowa Sauro yake ce masa, har mahaifiyarsa in ta manta, don shi dai a duniya ba shi da aiki sai kiwon sauro a ɗakin bincike na jami'ar garin. Mutane na sayen maganin kashe su, shi yana tashi da sassafe ya ba su abinci.

Ta same shi sunkuye a gaban kejin raga, yana yi wa ƙwarin magana.

"Zumata!" Ya miƙe da fara'a. "Ya aka yi? Kin burge su ko?"

"Baba ya faɗi."

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

"Bai ji ciwo ba. Yaya ce ta ji. Ina jin su, Sauro... ina ji, amma na ci gaba da surutu a kan rijiya!"

Ta fashe da kuka. Ya jawo mata kujera, ya tsugunna a gabanta.

Shi ne ya fara samun gurbin digirin digirgir a wata babbar jami'a a ƙasar waje. Tun daga ranar ya addabi shafin jami'ar yana duba guraben da suka rage. Akwai na nazarin taurari, na kiwon kifi, na tarihi, na lissafi, har da wani a kan barcin tsuntsaye. Da ya ci karo da na ruwan sha sai da ya daka tsalle. "Ki gwada kawai," ya ce mata, "gwaji ai ba tafiya ba ne." Ita ma ta ce wa kanta haka, tana sane da cewa ƙarya take.

"Ki daina kuka, hasken idona. Za mu sama wa Baba mai kula da shi."

"Mun gwada! In baƙo ya taɓa shi sai ya juya wa bango fuska, ya ƙi cin abinci."

"To Yaya ta ɗan ƙara haƙuri..."

"Haƙurin me kuma? Har da bayanta ta ba ni!"

Ya sosa ƙeya. Daga yadda yake kauce wa idonta ta san akwai sauran magana.

"Faɗi."

"Ummana ce. Ta rantse ba zan tafi wata ƙasa ba mata ba. Ta ce in ke ba za ki bi ni ba..."

"'Yar ƙanwarta za ta bi ka."

"Ni ban ce ina so ba!"

"Ita ai tana so. An ce har akwati ta saya."

"Ta sayi jirgin ma! Ke nake so, Auta. Ke kaɗai."

Ta yarda da shi. Amma ta san Umma, in ta kafe a kan magana ko ƙusa albarka.

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayarta tana tsaka da ba Baba magani. An ɗauke ta, da cikakken tallafi. Wani daɗi ya taso mata har wuya, kafin ya kai baki ya zama ɗaci. Ta kifa wayar a kan gado.

"Sannu," in ji Baba, yana kallon ta da idonsa mai lafiya.

Ta kasa haɗa ido da shi.

A tsakar gida ta tarar da Yaya zaune a kan tabarma, ta tokare bayanta da matashi, tana ɗinke zanin da allura.

"Zo ki zauna, Auta."

Ta zauna a ɗarare.

"Kin ga nan?" Yaya ta ɗaga kusurwar zanin. Huda ce, da tsatsa a bakinta. Ta ɗaga ɗaya kusurwar. "Ga 'yar'uwarta. Iska dai ba ta da ƙusa."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Yaya, wallahi..."

"Kar ki rantse. Bangon ɗakin ajiya ai ba kauri gare shi ba. Har amsar da kika ba su ta biyu na ji, ina ƙarƙashin Baba." Ta ɗan murmusa. "Kin amsa da kyau."

"Ki zage ni, Yaya! Don Allah ki zage ni!"

"In zage ki in samu me? Sun ɗauke ki?"

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To alhamdulillahi. Ki tafi."

"Layinki ne!"

"Ni karatu kawai zan rasa. Ke kuwa karatu da miji." Yaya ta ciji zaren ta tsinke shi. "Gobe zan kira Malama in ce ta ba wani. Dama na manta rabin abin da na sani. Da wannan bayan ma wa zai iya tsayuwa a ɗakin gwaji?"

Ta faɗe shi kamar tana maganar cefane. Amma da ta miƙe tana dafa bango, littafin da ta ɓoye a ƙarƙashin matashin ya bayyana: tsohon littafinta na haɗa magunguna, duk ta ja layi a ciki da sabon jan biro. Ashe duk lokacin da Baba ya yi barcin rana, bita take yi.

Auta ta daɗe tana kallon littafin.

An ba ta abin da take so, an ba ta da hannu biyu, ba gori ba tsawa. Ta kuwa ji ta tsani kanta fiye da kowane lokaci a rayuwarta.

Ba ta jira gobe ba. Ta shiga ɗakin ajiya, wannan karon ta bar ƙofar a buɗe, tarkace na bayanta kowa na gani. Ta nemi farfesa mai tabarau.

"Ba zan iya zuwa ba, Farfesa. Ku ba na bayana."

"Kin san ba ma ajiye gurbi?" in ji dattijuwar. "In kin sake nema nan gaba, ba ni da alkawarin da zan yi miki."

"Na sani."

"Zan iya sanin dalili?"

"Na riga na yi wa wata alkawari kafin ku."

Da Yaya ta ji, sai ga faɗan da Auta ta roƙa ya zo, har da ƙari.

"Ke wace irin sakarya ce? Wa ya aike ki? Ki kira su yanzun nan!"

"Sun riga sun ba wani."

"To Sauro fa?"

Auta ta kau da kai. "Ki fara haɗa kaya, Yaya."

Washegari ta same shi yana wanke kwalaben gwaji. Ta faɗa masa a tsaye, ba ta ko ajiye jaka ba. Ya rufe famfo a hankali.

"Kin fasa... ba ki ko yi shawara da ni ba?"

"Da na yi shawara da kai, da ka lallashe ni. Ni kuma da na yarda."

"Kin san abin da na sha kafin in samo miki gurbin nan? Kin san yadda na tsaya a gaban Umma saboda ke?"

"Na sani, masoyina. Ka yafe mini."

"Kar ki ce mini masoyi! Kin zaɓa, Auta. Kin zaɓa, kuma ba ni kika zaɓa ba!"

"Ba a kai da Yaya nake zaɓe ba. Ni ce na ɗauki abin da ba nawa ba, na mayar."

"Ni kuma fa? Ni ma mayar da ni kika yi?"

Ya juya mata baya, ya buɗe famfon. Ta tsaya tana jiran ya waiwayo, bai waiwayo ba.

Makonni suka shuɗe, ko gaisuwa babu. Umma kuwa ta aiko da saƙo ta bakin maƙwabciya cewa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. 'Yar ƙanwar tata har gida ta zo, wai duba Baba. Ta zauna ta cika ɗakin da turare, tana tambayar Auta ko ta san irin rigunan sanyin da ake sawa a can, tunda ita ta taɓa bincikawa. Auta ta faɗa mata, har ta raka ta bakin ƙofa, sannan ta dawo ta kifa kai a gefen gadon Baba ta yi kuka mai isarta.

Abin haushin, laifin bai bar ta ba. Da can in ta ga Yaya na dafa baya sai zuciyarta ta tsinke. Yanzu kuma in ta ji kukan sauro a kunne sai ta tuna bayan mutumin da ta bari a gaban famfo. Ko ta ina ta juya, akwai wanda ta cuta.

Ranar tafiyar Yaya ta zo. Da safe mota na jira a waje, akwati na bakin ƙofa, Baba kuma yana kwance yana jiran a ɗaga shi. Maƙwabcin da ya yi alkawarin riƙa taimakawa bai leƙo ba. Dama ko ya zo, Baba bango zai juya wa fuska.

Yaya ta ajiye jakar hannu, ta soma naɗe hannun riga.

"A'a, Yaya. Zan iya ni kaɗai, yadda kika iya."

"Yadda na iya?" Yaya ta dafa bayanta. "Ga abin da iyawar ta bar mini. Yau na kama miki, gobe fa? Auta, ba zan iya tafiya in bar ki haka ba."

"Wallahi sai kin tafi!"

"To wa zai kama ɗaya gefen?"

Aka yi sallama a bakin ƙofa.

Auta ta san muryar tun kafin a rufe baki.

Sauro ne. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ga wani ƙaramin keji rataye a kafaɗarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Yaya, ita ko kallonta bai yi ba.

"Na zaci ka tafi..." in ji Auta.

"Na so in tafi. Don haushinki ma kaɗai na so in tafi." Ya ajiye kejin. "Sai na zauna na yi tunani. Me zan je nema a can? Sauro. Na ce wa farfesana, ranka ya daɗe, ƙwarin da kuke kiwo a kwalba kuna lallaɓawa, mu nan a kyauta suke cinye mu. Ka bar ni in yi aikin fili a gida, in riƙa zuwa ina gwaji a wurinku lokaci-lokaci."

"Ya yarda?"

"Da ƙyar. Zai ɗauke ni tsawon lokaci fiye da da, kuma babban aikin da na ci buri a kai an ba wani."

Hawaye suka cika mata ido. "Ka ga? Kai ma na jawo maka asara."

"Ƙwarai kuwa," ya ce, sai yanzu ya dube ta. "Kin jawo. Kuma sai kin biya, zumata. A gidan nan za ki biya, kullum ina kusa ina tuna miki."

"Umma fa?"

"Ta rantse ba zan tafi ba mata ba. To ban tafi ba. Tana fushi, ta ce in je in auri sauron. Amma jiya ta tambaye ni wane launin atamfa kike so a lefe."

Yaya ta saki dariya tana share hawaye. "'Yar akwati fa?"

"Akwati ai ba ya lalacewa, Yaya."

Direba ya danna oda a waje. Yaya ta dubi agogo, ta dubi Baba, ta dubi zanin.

"In bai yarda da kai ba fa? Ba ya son hannun baƙo."

Sauro ya matsa bakin gadon, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ni ne mai neman Auta. Manyana za su zo su yi magana yadda ya dace. Amma kafin nan, ka ba ni izini in kama nan."

Baba ya daɗe yana ƙare masa kallo. Auta na jiran ya juya wa bango fuska.

Bai juya ba.

Yaya ta kama hannun Sauro ta ɗora a kan gefen zanin, daidai kusurwar da ta ɗinke.

"Nan nake riƙewa. Ka naɗe shi a hannu, ka lanƙwasa gwiwa. Kar ka ɗaga da baya, ka ji? Kar ka taɓa ɗagawa da baya."

Auta ta kama nata gefen. Suka haɗa ido ta saman Baba, suka ɗaga tare, suka sauke shi a keken a hankali.

Yaya ta sumbaci goshin Baba, ta rungume ƙanwarta.

"Ki yafe mini, Yaya," Auta ta raɗa mata.

"Na yafe tun ina ƙarƙashin Baba. In na dawo layinki ne, kuma wannan karon ni zan riƙe miki ƙofar ɗakin ajiya."

Ta ɗauki jakarta ta fita da sauri, ba ta waiwayo ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Suka tsaya suna jin ƙarar motar har ta ɓace. Sauro bai saki zanin ba, ita ma ba ta saki ba.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dafa hannun Sauro, sannan ya dafa nata.

"Sannu," ya ce.

Wannan karon Auta ta iya kallon idonsa ta amsa.